Romon Teriyaki Na Ƙasar Japan Da Yadda Ake Haɗa Shi A Gida

Jawabinmu na yau a kan wani romo ne na ƙasar Japan wanda ake kira teriyaki. Waɗanda ke zaune a Landan ko Jidda ko biranen Amurka, har ma da na Kumasi da Yawunde, ba wuya sun taɓa cin karo da wannan suna, ko dai a jikin kwalba a kanti, ko kuwa a takardar jerin abinci a gidan cin abinci. Da yawa sun ɗanɗana sun ji daɗi, amma kaɗan ne suka san abin da ke cikinsa. Akwai kuwa dalilin da ya sa ya kamata a sani, domin a haɗin da Japanawa suka gada, biyu daga cikin kayan haɗi huɗu suna ɗauke da barasa. Saboda haka za mu duba asalin romon da aikin da kowane abu ke yi a cikinsa, sa'an nan mu bayyana yadda uwargida, ko ɗalibi mai girka wa kansa, zai haɗa shi da hannunsa, ya san abin da ya zuba.

Bari mu fara da sunan. Kalmomi biyu ne na harshen Japananci aka haɗa. Ta farko, watau teri, ma'anarta ƙyalli ko sheƙi. Ta biyu kuwa, yaki, ma'anarta gashi, ko a kan garwashi ko a kasko. Ashe ke nan tun asali sunan wata hanya ce ta girki: a gasa kifi ko kaza, in ya kusa nuna a riƙa shafa masa romo mai gishiri da zaƙi har ya yi sheƙi kamar an shafa masa mai. Wanda ya riƙe wannan ma'ana ya riƙe rabin darasin, domin sheƙin nan a cikin kasko yake samuwa, a mintocin ƙarshe na girki.

Wannan hanya ta girki ta bunƙasa ne a zamanin da ake kira Edo, daga shekarar 1603 zuwa 1868, lokacin da sana'ar yin baƙin ruwan waken soya ta kafu a garuruwan Noda da Choshi, kusa da birnin da a yau ake kira Tokyo. Kifi aka fi yi wa irin wannan gashi, musamman wani kifin teku mai kitse da suke kira buri. Dalili kuwa shi ne, tun shekarar 675 wani sarkinsu mai suna Tenmu ya kafa dokar hana cin naman wasu dabbobi, cikinsu har da shanu da kaji, bisa koyarwar addinin Buddha, kuma ƙyamar nama ta daɗe a ƙasar. Sai a shekarar 1872, da labari ya bazu cewa Sarki Meiji ya ci nama, sa'an nan jama'a suka fara sakin jiki da shi.

To, yaya aka yi wannan girki ya tsallaka teku? Tun daga shekarar 1868, kuma musamman daga 1885, Japanawa masu yawa suka tafi tsibiran Hawai domin aikin ƙodago a gonakin rake. Kamar yadda Bahaushe a zango yake neman abin da zai maye gurbin kayan miyar gida, haka su ma suka yi da abin da suka tarar. Suka sami jan sukari a wadace, suka ƙara citta da tafarnuwa da ganyen albasa, wasu har da ruwan abarba. Daga nan aka sami sabon romo mai zaƙi da kauri, wanda ake jiƙa nama a ciki kafin a gasa. A shekarar 1961 kamfanin Kikkoman ya fara sayar da romon teriyaki a kwalba a Amurka, ya kuma buɗe masana'anta a jihar Wisconsin a 1973. A shekarar 1976 wani mutumin Japan mai suna Toshihiro Kasahara ya buɗe ɗan ƙaramin gidan abinci a birnin Seattle, inda yake sayar da gasasshiyar kaza da shinkafa, kuma daga nan irin waɗannan gidaje suka cika birnin. Saboda haka teriyaki iri biyu ne a duniya a yau: na Japan, mai tsinkakken romo wanda ake ƙafewa a kasko, da na Amurka, mai kauri da kayan ƙamshi, wanda shi ne aka fi samu a kwalba.

Yanzu sai mu dubi kayan haɗi huɗu na asali ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, kuma ginshiƙin romon, shi ne baƙin ruwan waken soya, wanda Japanawa ke kira shoyu, a kantuna kuma aka fi saninsa da soya sos. Ana dafa waken soya, a haɗa shi da gasasshiyar alkama da aka ɓarza, a barbaɗa musu wata irin fumfuna mai amfani da ake kira koji. Bayan kamar kwana uku sai a zuba su cikin ruwan gishiri, a bar su su ruɓa a hankali har tsawon wata shida ko fiye, kana a matse a tace. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda ake yin daddawa da kalwa. A wajen biyun, ƙananan halittu ne ke warware sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar, su fito da ɗanɗanon nan mai gamsarwa da ke sa miya ta yi armashi. Wani masanin kimiyya na jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin da ke ba da wannan ɗanɗano a shekarar 1908, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. Daga bincikensa ne aka fara yin farin sinadarin ɗanɗano na Ajinomoto a 1909, wanda matanmu suka sani sarai.

Na biyu shi ne mirin, wani ruwa mai zaƙi mai launin zinariya da ake yi da shinkafa mai danƙo da koji da tatacciyar giya. Mirin na ainihi yana da barasa kimanin kashi 14 cikin ɗari, sukarinsa kuma ya kan kai kashi 40 ko fiye. Shi ne babban mai ba da sheƙi. Na uku shi ne sake, watau giyar shinkafa ta Japan, mai barasa kimanin kashi 15 cikin ɗari. Aikinta shi ne kashe ƙarnin kifi da tsinka romon. Na huɗu kuwa sukari ne. Ma'aunin da ya shahara a gidajen Japan shi ne cokali biyu na shoyu, biyu na mirin, biyu na sake, ɗaya na sukari.

A nan ne maganar ta shafe mu. Sau da yawa za ka ji ana cewa in an tafasa abinci barasar da ke ciki takan ƙone ta tafi. Masana abinci a Amurka sun gwada wannan magana, suka buga sakamakon a shekarar 1992, kuma abin da suka samu ya saɓa wa zaton mutane. Abincin da aka zuba wa giya aka bar shi yana ɓararraka minti 15, kimanin kashi 40 cikin ɗari na barasar yana nan. Bayan sa'a guda, kashi 25 ya rage. Ko bayan sa'a biyu da rabi ana samun kamar kashi 5. Romon teriyaki kuwa minti biyu ko uku kawai yake yi a wuta. Saboda haka Musulmin da ke gudun barasa, ko wani wanda likita ya hana shi ita, kada ya dogara da tafasawa. In a kanti ne, ya juya kwalba ya karanta jerin abin da ke ciki, ya nemi kalmomin mirin da sake da sunan giya ko barasa a harshen ƙasar da yake zaune. In a gidan abinci ne, ya tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Akwai wani ruwa da ake sayarwa mai kama da mirin, wanda barasarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Haka kuma shi kansa shoyu na gargajiya, saboda ruɓawar da alkama ke yi, yakan ƙunshi barasa kaɗan, wajen kashi biyu cikin ɗari. Malamai sun yi magana a kan irin wannan ɗan abin da ke fitowa da kansa cikin abincin da ba ya bugarwa, kuma ra'ayoyinsu sun bambanta. Hukunci nasu ne, sai kowa ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi. Abin da za mu iya faɗa shi ne, a yau akwai shoyu mai tambarin halal a kasuwa, kuma wanda ya same shi ya huta da kokwanto.

To, in an cire mirin da sake, me ya rage? Amsa ita ce, in mutum ya san aikin da kowane ɗayansu ke yi, zai iya ba wani abu aikin. Cokali biyu na mirin yana ɗauke da zaƙin da ya kai kimanin cokali ɗaya na zuma, kuma zuma tana ba da sheƙi mai kyau. Ruwan da sake ke ƙarawa, ruwan tuffa ko ruwa zalla zai maye shi. Ɗan tsamin da ke cikinsu kuwa, khal ko lemun tsami zai ba da shi. Ƙarnin kifi kuma da ma mun san maganinsa: gishiri da citta da lemun tsami. Ba za mu ce ɗanɗanon zai zama daidai da na Tokyo ba, domin mirin yana da ƙamshinsa na kansa, amma sheƙi da daɗin za su samu.

Ga ma'auni domin rabin kilo na cinyar kaza, wanda zai ishi mutum uku ko huɗu. Babban cokali biyu na shoyu, babban cokali uku na ruwan tuffa ko ruwa, babban cokali ɗaya na sukari, babban cokali ɗaya na zuma, da cokalin shayi ɗaya na khal ko ruwan lemun tsami. A zuba su a ƙaramin kwano a juya har sukarin ya narke. Wanda ke da mazarƙwaila yana iya daka ta ya sa a madadin sukari, domin 'yar'uwar jan sukarin Hawai ce, kuma za ta ba romon ƙamshin rake. Shi ke nan an gama haɗi. Ba a sa gishiri, ba a sa dunƙulen ɗanɗano.

Sai girki. A zare ƙashin cinyar, a bar fatar, a shanye ruwan jikinta da tsabtataccen ƙyalle, domin jiƙaƙƙen nama ba ya yin ja. A ɗora kasko a wuta matsakaiciya, a zuba mai ɗan kaɗan, a kwantar da kazar ta gefen fata. A bar ta minti bakwai ko takwas ba tare da an dame ta ba, har fatar ta yi ja ta saki kitsenta. A juya ta, a ba ɗaya gefen minti huɗu ko biyar. Daga nan sai wani mataki wanda mutane da yawa ke tsallakewa: a kwashe kitsen da ya taru a kasko, ko a goge shi da takarda. In aka bar shi, romon ba zai kama naman ba, sai ya riƙa zamewa yana yawo a cikin mai.

Yanzu ne za a zuba romon. Nan da nan zai fara tafasa da ƙananan kumfa. A riƙa ɗibarsa da cokali ana kwarara wa kazar, ana juya ta. Bayan minti biyu ko uku kumfar za ta zama manya, ta riƙa fashewa a hankali, kuma in aka ja cokali a ƙasan kasko za a ga hanyarsa ta ɗan tsaya kafin romon ya rufe ta. Wannan ita ce alamar saukewa. Kada a jira ya yi kauri sosai a kan wuta, domin in ya huce zai ƙara kauri. A tsaga wurin da ya fi tudu a duba: in ruwan da ya fito fari ne, babu ja, kazar ta nuna. Masu ma'aunin zafi su nemi digiri 74 a ma'aunin Selshiyas. A bar ta ta huta minti uku, a yanka, a kwarara mata sauran romon, a ci da farar shinkafa da ɗan ganye.

Me ya sa ake jinkirta zuba romon sai ƙarshe? Sukari ne dalili. In ruwan jikinsa ya ƙafe, zafi ya kai kimanin digiri 160, sai ya fara yin ja, kuma tsakanin ja da ƙonewa ba nisa. Zuma ma ta fi shi saurin ƙonewa. Wanda ya zuba romon tun farko zai ga waje ya yi baƙi ƙirin ya yi ɗaci, ciki kuwa ɗanye. Masu gashi a kan garwashi su lura da wannan ƙwarai. Ba kamar tsire ba ne, wanda ake baɗe shi da ƙuli tun kafin ya ga wuta. A nan sai an gasa naman ya kusa nuna, sa'an nan a riƙa shafa romon ana juyawa, sau uku ko huɗu, a gefen da wutar ba ta da ƙarfi. Domin irin wannan gashi, gara a fara tafasa romon a tukunya ya ɗan yi kauri, yadda zai manne.

Kifi ma haka ake yi masa, sai dai ya fi saurin nuna. Mai kitse ya fi dacewa, kamar kifin titus ko tarwaɗa ko yankan giwan ruwa. A barbaɗa masa gishiri ɗan kaɗan, a bar shi minti goma ko goma sha biyar. Za a ga ruwa ya tsattsafo, kuma da shi ƙarnin ke fita, sai a goge shi tas. A baɗe kifin da fulawa sama-sama, a soya kowane gefe minti uku, a kwashe mai, a zuba romon tare da yankan ɗanyar citta biyu ko uku. Awara ma, wadda ita kanta 'yar waken soya ce, tana karɓar wannan romo ƙwarai in aka fara soya ta ta yi ja.

Wanda kuma ya fi son irin na Amurka, ga yadda zai yi. Ya zuba rabin kofi na shoyu da rabin kofi na ruwa a tukunya, da babban cokali huɗu na jan sukari, da ɗaya na zuma, da cokalin shayi ɗaya na gurzajjiyar ɗanyar citta, da ƙwayar tafarnuwa biyu dakakku. In ya tafasa, sai ya dama babban cokali ɗaya na sitacin masara ko na rogo da ruwan sanyi, ya tsiyaya a ciki yana juyawa, minti ɗaya ko biyu, har ya yi kauri ya washe. Lalle da ruwan sanyi za a dama sitacin, in ba haka ba zai yi gudaji kamar kunun da aka yi wa gaggawa. A ƙarshe ya barbaɗa soyayyen riɗi da lawashi. In zai jiƙa nama a ciki, ya ɗebi na jiƙon tun kafin ya sa sitaci. In kuma ya sa ruwan ɗanyar abarba, kada jiƙon ya wuce sa'a guda, domin abarba tana da wani sinadari mai narkar da nama, ya koma lugub.

Wajen sayen shoyu, a karanta jikin kwalba. Na ƙwarai abu huɗu gare shi: ruwa da waken soya da alkama da gishiri. Akwai mai araha wanda ba a jira ya ruɓa ba, sai a narkar da waken da ruwan asid cikin 'yan kwanaki a ƙara masa launi. Ɗanɗanonsa kaifi gare shi, kuma a shekarar 2001 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta sami wani sinadari mai lahani fiye da ƙima a wasu kwalabe irin waɗannan, ta gargaɗi jama'a. Baƙin shoyu mai kauri na Sinawa kuwa domin launi ake yinsa, in aka sa shi da yawa romon zai yi duhu da ɗaci. Mazauna Saudiyya za su ga wani mai zaƙi na mutanen Indunisiya da ake kira kecap manis. Shi da ma an riga an sa masa sukari mai yawa, saboda haka wanda zai yi amfani da shi sai ya rage sukari da zuma.

Akwai gargaɗi game da lafiya. Babban cokali ɗaya na shoyu yana ɗauke da gishiri kimanin giram biyu da rabi, alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya kai giram biyar a yini. Cokali biyun da muka ambata, in aka raba wa mutum huɗu, ba laifi. Amma mai hawan jini ya nemi shoyu mai rangwamen gishiri, mai ciwon sukari kuma ya tuna cewa sheƙin nan duk sukari ne. Wanda alkama ba ta karɓe shi ba ya nemi irin da ake kira tamari, ya kuma tabbatar an rubuta cewa babu alkama a ciki, domin wani tamarin akan sa masa kaɗan.

Game da ajiya, romon da aka tafasa ba tare da citta da tafarnuwa ba zai yi mako biyu a firji cikin kwalba mai tsabta. Mai ɗanyun kayan ƙamshi ko sitaci kuwa kada ya wuce mako guda. Inda wutar lantarki ba ta zama, ya fi kyau a haɗa na rana ɗaya kawai, tun da haɗin bai fi minti biyu ba. Romon da ɗanyen nama ya kwanta a ciki kuma, kada a kai shi kan abinci sai an tafasa shi sosai.

Jama'a, wannan shi ne bayanin romon teriyaki. Kwalbar shoyu guda, da sukari da zuma da lemun tsami, sun isa a yi shi sau da dama, a kuɗin da bai kai na haɗaɗɗen romon kanti ba, kuma mai girki ya san duk abin da iyalinsa suka ci. A fara da rabin kilo na kaza, a sa ido a kan kumfar nan ta mintocin ƙarshe, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.